Ɗaki Na Tara

Na sauka a Wunti da la'asar sakaliya,
jaka ɗaya, da ciwon bayan hanyar Fatakwal.
Mai keke ya ce, "Alhaji, ina muka nufa?"
Na buɗe baki zan ce gida,
sai harshe ya tuna abin da zuciya ba ta karɓa ba.

Otal ne ɗan madaidaici, ɗaki goma sha biyu,
a tsakiyar gari, inda hayaniya ke cire takalmi a ƙofa.
An rataye faifai da ƙwarya a bango, an haska musu fitila,
kamar ba a taɓa cin tuwo da su ba.

Yarinyar kan tebur, Rifkatu,
ta yi murmushin da aka koya mata.
"Ka taɓa zuwa Bauchi?"
Na ce, "Na taɓa wucewa."
Ta rubuta sunana, ta bi da na mahaifina,
alƙalaminta bai ko yi tuntuɓe ba.

Ta miƙo kati a madadin mabuɗi.
Dubu arba'in da biyar, har da karin kumallo.
A wannan fili mu goma sha bakwai muka yi gado,
dillali ya ci, lauya ya suɗe hannu,
kasona ya sayi babur
wanda bai ga damina uku ba.

Ɗaki na tara. Na auna da ƙafa:
taki shida daga ƙofa, a karkata gabas,
nan turken akuyar Inna Tabawa yake.
Yau gado ne fari fat, matashi huɗu,
an naɗe tawul ya zama agwagwa.
Na zauna a gefe kamar mai ta'aziyya,
ban cire hula ba.

Rijiyarmu tana ƙarƙashin tayil ɗin banɗaki,
gaba goma sha biyu, mai hadiye guga,
wadda Yaya Gambo ya faɗa yana bin zakara,
aka zaro shi yana tambayar zakaran.
Na durƙusa, na kafa kunne a ƙasa,
ni da furfurata.
Ko ɗigo ban ji ba.

Tsamiya kaɗai suka bari a tsakar gida.
Sun naɗe ta da ƙananan fitilu kamar ranar suna,
baƙi na shan gahawa a gindinta, suna ɗaukar hoto.
Da dare ya raba na sauko na laluba jikinta,
inda na taɓa zana harafi da ƙusa.
Ɓawo ya rufe shi. Ita ma ta warke,
ba ta jira ni ba.

Kiran asalatu daga Gwallaga
ya shigo ta tagar da ba a buɗewa,
da muryar da ta fi tawa sanin hanya.
A bakin ƙofa maigadi ya daɗe yana kallona.
"Kai ba ɗan Malam Jibo mai ɗinkin hula ba ne?"
Barau ne, da ke sayar mana da kananzir a kwalba.
Muka riƙe hannun juna har aka ta da iƙama,
ba mu ce komai ba.

Da safe aka kawo masa guda uku
a farin faranti, da wuƙa da cokali mai yatsu,
miyar taushe a ɗan kofi kamar magani.
Na ci da hannu. Ta yi daɗi, ba zan yi ƙarya ba.
Wannan ne ma ya fi ciwo.
Da na so a ce gishiri bai ji ba.

Na mayar da kati.
Rifkatu ta ce, "Ka ji daɗin kwana?
A duba dai, ko an manta wani abu a ɗaki."
Na waiga, na dubi matakala, na dubi tsamiya.
Mai keke na ta danna hon a waje.
Na ce, "A'a, 'yata,
ban bar komai ba."