Nahawun Mai Jan Tarago

A Valparaíso, inda gidaje suka ɗare tsauni
kamar awaki a kan kango,
kakana Eleuterio ya shekara talatin da ɗaya
yana jan tarago biyu da igiya guda.
In wannan ya hau, dole wancan ya gangara.

Da ya rasu aka raba kaya.
Ni na tashi da kwalin takalmi
cike da tsofaffin tikiti,
a bayan kowanne, rubutun fensir kamar sawun tururuwa.
Ashe harshe ne. Isketa ya raɗa masa.
Ba wanda ya taɓa jin sa, sai shi, sai inji.

Ka'idar farko, ya ja mata layi biyu:
jimla ba ta tsayuwa da aikatau ɗaya.
Sai biyu, mai sauka da mai hawa,
tsakaninsu ɗan mahaɗi, ul, shi ne igiyar.
Senta ul mira:
kifi ya ƙare, ciki ya taso.
Ba ka cewa "na zo" ka tsuke baki
sai ka faɗi inda ka baro.
Ba ka cewa "na ci riba"
sai ka ambaci aljihun da ya rame.

"Ni" ba ta buɗe magana.
Can ƙarshen jimla take rakuɓewa,
yadda mai jan tarago ke fita
bayan kowa ya watse, ya kashe fitila.

Jam'i iri biyu ne:
na waɗanda tarago zai ɗauka,
da na waɗanda za su jira.
Babu "a'a" ko ɗaya a cikin kwalin.
Na zazzage, na duba.
Ɗafa-ƙeya kawai na samu, ke,
ya fassara ta da "tukuna".

Ruwan sama ya ba shi wuya.
Tikiti goma sha ɗaya yana gardama da kansa:
ruwa na sauka, to me ke hawa?
Ya rubuta ƙamshin ƙasa, ya soke.
Ya rubuta kuɗin laima,
kuma ina jin dariya ya yi a nan,
don fensirin ya goce har gefen takarda.
Bai yanke hukunci ba.
Ya koma kan sunayen launin teku,
guda tara, uku duk toka-toka.

Akwai tikiti ɗaya da ba ya cikin ɗauri.
A jikin murfi na same shi, an manne da gam.
Kwanan watan na sani,
ranar da muka kai kakata tudun maƙabarta
maza huɗu suna haki a kan matakala.

Brunilda senta ul

Shi ke nan.
Igiya na reto, ba tarago a ɗaya bakin.
Mutumin da bai yafe wa ruwan sama ba
ya bar jimlarsa da ƙafa ɗaya
shekara tara, har ya bi ta.

Fensirin na wurina, guntu, duk shaidar haƙori.
Jiya na shiga tarago da shi a aljihu.
A tsakiyar hanya muka gitta da ɗayan,
wata yarinya a ciki ta ɗago mini hannu.
Na zaro tikitin, na ɗora a gwiwa.
Ban san harshen sosai ba.
Na san dai ɗafa-ƙeya guda,
ita ma ban rubuta ba.