Bayan Bhalchandra

Shekara ashirin da uku ina jan keke mai ƙafa uku,
Daga Kasba Peth zuwa tasha, daga tasha zuwa kasuwa.
Ramukan titin Pune na san su kamar haƙorana,
Kowanne ya bar mini saƙo a gadon baya.

Wata Talata na sunkuya ɗaukar buhun albasa,
Wani abu ya ce ƙas a ƙuguna.
Buhu na ƙasa, ni ma ina ƙasa,
Mai albasa na duban agogo, wai mu yi tafiya.

Ɗana Onkar ya jingina waya jikin tukunya,
Ga wani saurayi ya naɗe kamar tabarma.
"Baba, taɓo yatsun ƙafarka, haka ake yi."
Na miƙa, na cije, na ƙara miƙawa,
Garin neman gira na kusa rasa ido,
Kwana huɗu ba ni da sana'a sai kwanciya.

Likita Deshpande ta ɗaga hoton ƙashi ga fitila:
"Babu karaya, gajiya ce ta taru.
Motsi magani ne, in akwai mai duba ka.
Nemi malamin da zai fara da tambaya."

Na nema. Wani bene mai gilashi a Koregaon,
Kuɗin wata ya ci man kekena na wata biyu,
Samari sun tsaya da ka, ƙafafu na gaida fanka,
Na saki labule, na sauko da kunya.
A lambun unguwa, da asuba, mutum sittin, lasifika guda,
Mai ba da umarni bai san sunan kowa ba,
Balle wanda ke ɗauke da garwashi a tsakiya.

Sai wata tsohuwa da nake ɗauka shida saura kwata,
Tabarma a hammata, kuɗin mota ƙulle a bakin sari,
Ta ga ina saukowa kamar mai dakon ƙwai.
"Bhalchandra, tun yaushe?" Na ce, "Ba komai."
Ta ce, "Bakinka ya iya, ƙugunka bai iya ƙarya."

Ɗakin Vaidehi a saman injin niƙa yake,
Daɓe na rawa, garin alkama kan taga.
Mu bakwai ne: tela, mai gadi, wata mai goge,
Duk mutanen da aiki ya lanƙwasa.
"Ina ne daidai? Yana gangarawa ƙafa?
Ya fi tsanani da dare ko da safiya?
Ran da ƙafa ta mutu, kada ka hawo benen nan,
Asibiti za ka, ka ji ni da gaskiya."

Ta ba ni kujera, matashi, guntun katako,
Ta kwantar da ni, ƙwauri bisa kujera.
Na ce, "Shi ke nan?" Ta ce, "Shi ke nan, yi numfashi."
Ni da na zo ganin abin mamaki,
Minti goma ina ƙirga ƙwarin da ke jikin igiya.

"Lanƙwasa gwiwa kafin ka sunkuya.
Ja mai daɗi, bi shi a hankali,
Suka mai kaifi, tsaya, ba jarunta ba ce.
Kada ka leƙa tabarmar maƙwabci,
Shi da nasa bayan, kai da naka tun jiya."

Yau wata biyar. Yatsun ƙafata har yanzu baƙi ne,
Muna gaisawa daga nesa.
Amma na naɗe tawul a bayan kujerar keke,
Duk awa ina fitowa, in dafa rufi, in miƙe,
Direbobin tasha suna ta dariya.

Shekaranjiya Shinde, wanda ya fi kowa ƙyaƙyatawa,
Ya biyo ni wajen mai shayi, hannu a ƙugu,
"Wane injin niƙa ka ce?" ya rage murya.