Matankaɗi

Ƙarfe ɗaya na dare a Ulanbatar,
hayaƙin gawayi ya dishe fitilun titi.
Delgerma na zaune a hawa na shida,
shayinta mai madara da gishiri ya huce tun tuni.

Saƙonni dubu tara da ɗoriya
daga makiyayan jeji, kowa da irin rubutunsa.
An ce kafin safiya a kawo lissafi:
dabba nawa ta mutu, sanyi ya kai nawa.
Ba labari ake so ba. Lamba ake so.

Sai ta saƙa ɗan matankaɗi,
\d+
alama uku kacal:
inda duk ka ga lamba, kama ta,
kama 'yan uwanta da ke biye,
saura kuwa dusa ce.

Ta zuba, gari ya sauka.
Tumaki 17. Awaki 60. Dawaki 2.
Gaisuwa ta tafi, addu'a ta tafi,
sunan karen da ya bi garke bai dawo ba,
shi ma ya tafi.

Amma ga 41 a layin yanayi,
sai ka ce zufa ake yi a Janairu.
Ta dafe goshi.
Ɗan karan nan na gaba, alamar ragi,
ya bi dusa.
Ta gyara: -?\d+
sanyi ya koma sanyinsa.

Wani ya rubuta 1,200,
na'ura ta tsaga shi, ɗaya daban, ɗari biyu daban,
dabba kusan dubu ta ɓace a bakin waƙafi.
Lambar waya ta kutso, wai ita ma raƙuma ce.
Gyara, gwada, sake gyara.
Kwamfuta ba ta gajiya, mai ita ce ke hamma.

Wajen asuba saura saƙo guda
da ya fito hannu rabbana,
baka biyu sun rungumi iska: []
Ta buɗe shi da kanta.
Tsogtbayar ne, daga wani kwari can yamma:
"Duka. Har da farar goɗiyar da 'yata ke hawa."

Ta daɗe tana kallon gurbin a jadawali.
In ta sa sifili, ta yi masa ƙarya.
In ta bar shi fanko, ta shafe shi.

Ta wanke kofi, ta ɗora wani ruwan,
ta jira rana ta ɗan ɗaga bisa duwatsu,
sannan ta ɗauki waya.