Atishawar Baƙar Mota

A Baja na same ta, ƙarƙashin gada,
baƙa wuluk, an sauke ta har tana shinshinar ƙasa.
Rasaki dillali ya ɗaga bonet:
"Tobo ce, Alhaji.
Wani yaro a Leki ya ƙara mata huhu."

Tanimu bakanike ya dangwali baƙin mai, ya murza,
ya nuna mini tiyon da aka ɗaure da waya,
ya ce, "Ruwa ba ya tsami banza."
Na ji shi. Amma an riga an tayar.
Aka taka totur, ta yi fito,
aka saki, ta yi atishawa,
ni kuwa na ce mata yarhamukillah.

Ribar albasar shekara huɗu,
cikin minti ɗaya waya ta haɗiye.

Daga Oshodi zuwa Agege awa uku muka yi.
Mai tallan burodi ya wuce mu da ƙafa sau biyu.
Allurar zafi na hawa, ta mai na sauka.
Tanimu dai gilashi ya sauke.

Sai Lahadi bayan asuba,
doguwar gada ba kowa, ruwa hagu da dama,
na taka.
Kujera ta kama bayana,
fitilun titi suka zama zare ɗaya.
Daƙiƙa ashirin, wataƙila ba su kai ba.

Yau sati biyar tana gindin mangwaro,
muna jiran wani ƙarfe daga Ladipo.
Jiya Rasaki ya kira, wai ya samo mai saye.
Na ce ya bari.
Mura ce kawai.