Mai Gadin Ruwan Duhu

A kan dutsen Sierra Negra, inda numfashi yake tsada,
Eusebio Tepox yana zaga tankuna da tocila a aljihu.
Ba ya kunna ta kusa da murfi.
Ruwan ciki bai san rana ba,
an rufe shi ruf, an hana shi ko ɗigon haske
don ya kasa kunne.

Ya ce da ni: can sama akwai biyu da ke zagaya juna.
Ɗaya tauraro ne, ƙosasshe, mai zafin jiki.
Ɗayan rami ne baƙi ƙirin, cikinsa ba ƙasa.
Yana jan jikin maƙwabcinsa zare-zare
kamar yadda kakata Crescencia ke jan ulu daga curi,
ya naɗe shi a bakinsa har ya yi ja, har ya yi fari.

Amma haɗama ma tana da maƙogwaro.
Abin da ya ƙi haɗiyuwa
sai ya feso shi sama da ƙasa,
mashi biyu na wuta,
kuma daga tsininsu ƙwayoyi suke tsallen tsira,
ƙanana, ba su kai a kira su ƙura ba.

Sai dai hanya ta yi nisa.
Maganaɗisun sarari yana murɗa su hagu da dama,
su iso nan ba su san sunan garinsu ba.
Hasken da suka haifa a ƙofar gida
shi ne bai iya kwana ba, ya zo sak,
ya daki iska, ya tarwatse kamar an zazzage buhun gishiri,
ruwan duhu ya yi ƙyal, shuɗi,
gajarta fiye da ƙiftawar ido.

Na ce: ka taɓa gani?
Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.
Shekara tara, ko sau ɗaya.
Na'ura ke gani. Ni dai ina ɗaure famfo,
ina kankare ƙanƙara daga tsani.

Ya ɓare ƙunshin masara mai ɗumi, ya ba ni rabi.
Ɗansa Hilario ya tafi arewa tun bara waccan.
Kuɗi na zuwa, ba adireshi.

Ya dafa cikin tankin da tafin hannu
kamar mai lallashin saniya.
A ƙasa, fitilun Atzitzintla sun fara kamawa.