Numfashi a Tulu

Shekara talatin ina gyaran agogo a Aboabo,
ƙarƙashin rumfar kwano, daura da mai koko da ƙosai.
Abu guda aikin nan ya koya mini:
agogon kirki ba shi ne mai gudu ba,
shi ne wanda abin da ya faɗa jiya zai maimaita gobe,
ko hadari ya rufe Kumasi, ko rana ta haska.

Da wannan tunani na sauka Adum ran Talata,
adashin shekara biyu a aljihun ciki,
'yata Ladidi a baya, riƙe da littafin lissafi.
Agya Tuffour ya buɗe akwati uku a kan kanta,
ya ce, "Malam Sahabi, zaɓi. Duk masu tulu ne,
ka ɗura, su riƙe maka iska."

Ban taɓa ko ɗaya ba.
Na ce a cika su, a rufe, sai Juma'a.
Ya yi dariya, ya ce ciniki na zo ko jinya?
Ran Juma'a allurar ta farko ta sunkuya.
Ita ce mai ƙyalli, ƙota kamar an sha ta da man kaɗe,
amma tulu mai yoyo bai kai ruwa gida,
ko da zinariya aka yi masa fuska.

Biyun muka ɗauka zuwa bayan Ejisu,
tsohon ramin fasa dutse, jan tudu ya tare baya.
Ladidi ta ƙirga taku saba'in,
ta kafa takarda mai baƙin ɗigo,
ta ɗaura zare a kan kara
don mu ga inda iska ta nufa.

Ta biyun ƙarfi gare ta, ba musu,
tana huda katako, tana ta da kurciya daga nesa.
Sai dai kunamarta, ka ce guga kake ja daga rijiya.
Goman farko sun hau sama,
goman baya suka yi ta gangara
kamar muryar ladan mai mura.
Ladidi ta rubuta: ba ta da magana ɗaya.

Ta ukun tsohuwa ce,
wani likitan haƙori a Bantama ya gaji da ita.
Ƙotarta duk zane, madubinta ya sha shafa.
Na kwantar da ita kan buhun yashi,
na zuba ƙwayar dalma, na ja numfashi, na saki rabi.
Kunama ta karye a yatsana
kamar tsinken ashana.
Tas.
Ko ƙadangaren kan dutse bai ɗaga kai ba.

Biyar na harba. Muka taka muka duba.
Rami biyar, amma warwatse,
tafin hannuna bai rufe su ba.
Na ce, "Ita ma maƙaryaciya ce."
Ladidi ba ta ce komai ba.
Ta ajiye littafi, ta gyara mayafi,
ta kwanta inda na tashi,
ta jira zare ya daina rawa.

Biyar ta harba.
Na ciro murfin kwalba daga ƙasa na ɗora,
duk biyar suka ɓace a ƙarƙashinsa.

Na dubi hannuna.
Hannun da ke ɗaukar ƙusar agogo da hantsaki,
ashe ya fara rawar da ban sani ba,
ko na sani na ƙi faɗa.
Ƙarfe bai san kara ba,
bai san ni ne uba ba.

Agya Tuffour ya rage sidi ɗari biyu, ya haɗa da famfo.
A mota tana kan cinyar Ladidi, naɗe cikin zane.
Yanzu duk Asabar ni ke ɗura tulu,
bugu ɗari da hamsin, har gwiwa ta yi ƙara,
ni ke riƙe littafi,
ni ke kallon zare ina cewa,
"Dakata, Ladidi. Bari ta wuce, iska."