Nonon Saniyar da Ban Taɓa Gani Ba

Shekara talatin da ɗaya ina bisa tirela,
auduga a baya, daga Garwa zuwa Gaundare,
kowane ramin hanya na san shi da suna.
Ran da gwiwa ta ce ta gaji
aka miƙo mini sallama cikin ambulan,
mai kauri, na sa a aljihun gaba, na dafe har gida.

Sambo ya ce babur uku, a ba yara haya.
Ƙanena ya ce albasa, albasa dai, dubi buhu yadda ya tashi.
Uwani, 'yata ta biyu, mai ƙirga kuɗin mutane a banki,
ta bari suka gama, ta zuba mini shayi,
ta ce, Baba, saniyar da ka ba Jauro kiwo,
ka taɓa yanka ta don ka sha nono?

Ta buɗe waya, ta nuna mini wani kwando
wanda ba da kaba aka saƙa ba.
Ciki akwai ɗan yankin masu siminti,
na masu sabulu, na masu jiragen ruwa,
kamfani ɗari da wani abu, ko biyar ban riƙe ba.
Ta ce ana cinikinsa kamar buhun dawa,
in ɗaya ya rame, sauran na kiwo,
wata uku-uku in sun ci riba su raba,
naka ya iske ka a kan tabarma.

Ban sa hannu ba sai da liman ya sa tabarau,
ya bi jerin da yatsa, ya tsaya a kan masu barasa
da masu ba da bashi da ruwa.
Uwani ta ce akwai wanda aka tankaɗe.
Shi na ɗauka.

Rabon fari, jaka goma sha ɗaya da 'yan canji.
Na yi dariya har tari ya sarƙe ni.
Yaran Sambo na kawo masa haka kafin Juma'a.
Na sayi sukari, na biya kuɗin wuta,
ragowar Uwani ta mai da shi kwando,
wai ɗan maraƙi ne, a bar shi ya bi uwa.

Damina ta biyu lambobin suka yi ja.
Kullum ja. Kashi ɗaya cikin biyar ya narke
ban ga ɓarawo ba, ban ji ƙaurin gobara ba.
Na zauna bakin Binuwai, ruwa ya haye gonaki,
babban yatsana kan kalmar sayarwa
da aka rubuta da Faransanci.
Sai na tuna gangaren dutsen Gaundare da kaya a baya,
wanda tsoro ya sa ya danne birki har ya ƙone
shi muke wucewa da safe, tayoyi sama.
Na mai da wayar aljihu.
Ban yi barci ba, kada in yi ƙarya.

Rabon ya zo, ya rame, jaka takwas.
Amma ya zo.

Yanzu shekara shida.
Babur ɗin Sambo guda an sace, guda na kwance ba inji,
na ukun kuwa har yau ya fi ni kawo kuɗi,
yana gaya mini haka duk yamma kan darar mu.
Ba na musu. Ni dai ba na bin yaro bashi a tasha.

Jiya waya ta yi ƙara ina gyaran tiyon famfo.
Hannuna da laka, ban duba ba.
Wata can, a garin da ba zan taɓa zuwa ba,
ta wanke kayan 'ya'yanta da sabulu,
kumfar ta bi ta bi
har ta zama kifin Lagdo biyu a tukunyarmu.
Jikata ta ce, Kaka, ina saniyar take?
Na ce tana kiwo, ci ki bar mini kan.